Sautun Kwamfuta Daga Ƙasashen Waje: Araha Ko Hasara?

Tun shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, wannan na'ura ta zama wa malamin makaranta kamar allo da alli. Haka kuma ga akawu a ofis. Amma kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ba kaɗan ba ne ga mai jiran albashi. Shi ya sa a ƙasar Daura, da an ji wani zai tafi Makka, ko Dubai, ko Ingila, ko kuwa zai ƙetare Kwangwalam zuwa Damagaram, sai a yi ta ba shi sautu, wai can ta fi araha.

To, jama'a, kafin mutum ya kwance tanadinsa na shekara, ya kamata ya zauna ya yi lissafi huɗu.

Na farko, canji. Abin dubawa shi ne darajar naira: kafin tsakiyar Yuni 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, amma cikin Fabrairu 2024 ta haye naira 1,500. Sefa kuwa ɗaure ta ke da kuɗin Turai, yuro ɗaya kimanin sefa 656. Watau duk ran da naira ta faɗi, kasuwar Damagaram ma ta yi mana tsada.

Na biyu, abin da za a biya a hanya. Farashin kanti a can ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai ladan ɗan aike, akwai kwastan, akwai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairu 2020.

Na uku, dacewa da aiki. Wadda aka yi domin ƙasashe masu Faransanci jerin baƙaƙenta dabam ne, A tana zaune a gurbin Q, sai hannun akawun da ya saba ya yi ta tuntuɓe. Filoginta mai zagayayyun ƙafafu kuma ba irin na soket ɗinmu ba ne. Ta ƙasashen Larabawa kan zo da baƙaƙen Larabci, wannan kam riba ce ga malamin Arabiyya.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, gyara. Garantin kamfanoni da yawa ba ya aiki sai a yankin da aka sayar da kayan. In ta lalace bayan wata biyu, wa zai mai da ita Dubai? Ko maƙwabta ma ba kullum a ke isa gare su ba, gama an rufe iyakarmu da Nijar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda ya saya a Katsina ko Kano kuwa, ya tashi da safe da rasidinsa, ya komo gida kafin dare.

Saboda haka shawararmu ita ce, a haɗa lissafin nan duka a takarda, a gwada da farashin gida. In rarar mai kauri ce, kuma mai sayowa ya san kan abin, zai kunna ta ya duba batirinta ya karɓo rasidi, to, madalla. In rarar 'yar kaɗan ce, a saya inda hannu zai kai. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

Allah ya sa mu dace, amin.