Auna Filin Masana'anta da Tauraron Ɗan Adam a Bompai

Wayar salula tana nuna wuri da kuskuren mita 3 zuwa 5, wanda ya wadatar da direba, amma bai wadatar da mai safiyo da ke tantance iyakar filin masana'anta a Bompai, Kano, ba. Dabarar RTK tana rage kuskuren zuwa santimita 1 ko 2, domin ana kafa na'ura ɗaya a wurin da aka riga aka san ma'auninsa, ita kuma tana aika gyara ga ta biyu da ake yawo da ita. Tun da kamfanin u-blox na Suwizalan ya fitar da na'urar ZED-F9P a 2018, farashin irin waɗannan na'urori ya sauka ƙwarai.

Sai dai araha ba ta kawar da sharuɗɗan aikin ba. Gyaran yana raunana idan tazara ta wuce kilomita 20 zuwa 30, saboda haka tashar aika gyara ta NIGNET da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta yi wa Kano nisa. Rufin kwano da dogayen ɗakunan ajiya na Bompai suna karkatar da siginar tauraron ɗan adam, kuma hargitsin saman sararin samaniya bayan faɗuwar rana yakan rikita awon.