Zanzibar Bayan Kanumfari: Wa Ke Cin Ribar Baƙi?

A shekarar 1985, baƙin da suka shiga Zanzibar don yawon buɗe ido ba su kai dubu 20 ba. A 2019 sun haura dubu 500, a 2024 kuma sun wuce dubu 700. Mutanen tsibiran gaba ɗaya, Unguja da Pemba da ƙananan da ke kewaye da su, ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2022. Kusan duk wannan tururuwa a Unguja take sauka, kuma a Ungujan ma a ɗan siririn bakin teku na arewa da gabas, inda shekaru arba'in da suka wuce babu kowa sai masunta da manoman kwakwa.

Dattawan Nungwi, ƙauyen da ke can ƙuryar arewa, suna tuna lokacin da sunan garinsu bai wuce wurin sassaƙa jiragen ruwa na katako ba. A bakin teku ake kafa gangar jikin jirgi, ana sassaƙa ana buga ƙusa har watanni, yara na wasa a ƙarƙashinsa. Rairayin nan fari da yanzu ake bugawa a tallan otal, a wurinsu wurin aiki ne: nan ake shanya koma, nan ake jan kwale-kwale, nan mata ke binne ɓawon kwakwa a cikin jiƙaƙƙen yashi na tsawon watanni kafin su tono shi su tufka igiya. Filin da ke dab da teku shi ne mafi arha, don ba ya noma. Mai gonar kanumfari ko ta shinkafa a yammacin tsibiri shi ne mai arziki, wanda ya gaji rairayi kuwa bai gaji komai ba. A cikin tsohon birni, wanda 'yan ƙasa ke kira Mji Mkongwe, rayuwar yamma a kan dakalin ƙofar gida take. Mai gahawa na zagayawa da butarsa ta tagulla, maza na hira tsakanin la'asar da magariba, waƙar taarab na tashi daga rediyo.

Sai dai tuna baya yana da son zuciya, kuma wanda zai yi wa Zanzibar adalci dole ya faɗi ɗaya gefen. Zamanin da ake kewa zamanin layin abinci ne. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964, wanda ya kawar da sarautar Larabawan Oman, da haɗewa da Tanganyika a watan Afrilu na shekarar, wadda ta haifar da Tanzaniya, gwamnatin Abeid Amani Karume ta rufe tsibiran. Ƙasa ta koma hannun gwamnati, kasuwanci ma haka, shinkafa da sukari suka zama abin rabo a kantunan hukuma. Dubban mutane sun gudu, cikinsu har da matashin da daga baya ya zama marubuci Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021. Baƙo ba ya shiga sai da ƙyar, otal ɗin kirki kuwa bai wuce Bwawani na gwamnati ba. Shirun da dattawa ke tunawa, rabinsa natsuwa ce, rabinsa talauci da tsoro.

Abin da ya riƙe tsibiran a duk wannan lokaci shi ne kanumfari, wannan dai da matanmu ke jefawa a kunu da yaji. Tun ƙarni na 19, lokacin da Sarki Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar ya kuma matsa a dasa itacen, da gumin bayi, tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. Babbar mai saye ita ce Indunusiya, inda ake cusa shi a taba sigari. Da Indunusiya ta faɗaɗa nata gonakin har ta wadatu, farashi ya faɗi warwas a shekarun 1980. A cikin gida kuma akwai wata cutar: kamfanin gwamnati ne kaɗai ke da ikon saye, yana biyan manomi ɗan abin da ya ga dama, don haka manomi ya daina kula da itatuwa, wani kuma ya riƙa fasa-ƙwaurinsa cikin dare zuwa Kenya. Baitulmali ya bushe.

A nan ne asalin labarin yake. Zanzibar ba ta zaɓi yawon buɗe ido bayan dogon shiri ba, yunwa ce ta tura ta. Ali Hassan Mwinyi, wanda ya shugabanci tsibiran daga 1984 kafin ya zama shugaban Tanzaniya a 1985, shi ya fara sassauta kasuwanci, aka kuma kafa dokar jawo masu zuba jari a 1986. Wanda ke ciniki da yunwa a cikinsa ba ya sayarwa da tsada. An ba da filayen bakin teku haya ta shekaru masu yawa, an yi rangwamen haraji, kuma waɗanda suka fara amsa kira da ƙarfi kamfanonin Italiya ne, suka jera manyan otal-otal a Kiwengwa da kewaye. Tsarinsu shi ne baƙo ya biya komai tun daga gida, kuɗin jirgi da ɗaki da abinci da abin sha, mota ta ɗauko shi daga filin jirgi ta kai shi bayan katanga, ta mayar da shi bayan mako guda. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birni cikin wuraren tarihi na duniya, bukukuwa irin su Sauti za Busara na kiɗa da bikin finafinai suka ƙara wa tsibirin suna. Annobar korona ma, wadda ta karya wasu, ta buɗe masa sabuwar kasuwa: Tanzaniya ba ta rufe ƙofa kamar sauran ƙasashe ba, sai 'yan Rasha da gabashin Turai suka kwararo a ƙarshen 2020.

Amfanin a fili yake, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Yawon buɗe ido ya zarce kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin tsibiran, kuma shi ke kawo mafi yawan kuɗaɗen waje. An yi tituna zuwa ƙauyukan da a da sai an kwana biyu ana shirin zuwa, an kai lantarki, an gina sabon sashe a filin jirgin sama. Direban tasi da mai dafa abinci da mai jagoran baƙi a gonakin kayan ƙamshi suna ciyar da iyali da wannan sana'a, kuma ba su da wata.

Tsohon birni ma kuɗin baƙi ne ya hana shi rushewa baki ɗaya. Bayan 1964 an ƙwace gidajen waɗanda suka gudu, aka zuba talakawa haya mai arha, babu mai gyara. Gini na dutsen murjani da farar ƙasa ba ya haƙuri da yoyo, gidaje suka riƙa faɗuwa da damina. Zuwan baƙi ya sa gyara ya zama abin riba, gidauniyar Aga Khan ta farfaɗo da tsohon asibitin bakin tasha da lambun Forodhani. Amma gidan da aka gyara ba ya komawa hannun wanda ke cikinsa. Ya zama otal, ko kantin sayar da zane-zane da rigunan tsaraba, iyalin kuma su tattara su koma bayan gari. Katafaren otal ɗin da aka jingina da tsohon ginin Mambo Msiige har sai da kwamitin UNESCO ya nuna damuwa a kansa. Abin takaici, ginin da ya fi kowanne daraja, Beit al-Ajaib wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rufta ranar 25 ga Disambar 2020, ana tsaka da aikin gyaransa. Birnin da dubban baƙi ke biya don gani bai iya tsare babban gininsa ba.

Idan ana maganar illar baƙi a Zanzibar, abin da ke fara zuwa baki shi ne sutura da giya. Mutanen tsibiran kusan duk Musulmi ne, masallacin Kizimkazi yana ɗauke da rubutun da ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, kuma ganin mace da kayan wanka a tsakiyar kasuwa ko a ƙofar makarantar allo cin fuska ne na gaske. A 2021 gwamnati ta sanar da tara ga baƙin da ke yawo cikin gari ba sutura ta mutunci, da kamfanonin da suka kawo su. Ban raina wannan kuka ba. Amma a ganina ya zama abin da hukuma ke son a yi ta magana a kai, domin yana da sauƙin magani kuma ba ya taɓa aljihun kowa. Ɓarnar da ta fi zurfi tana ƙarƙashin ƙasa.

Gabashi da arewacin Unguja dutsen murjani ne mai ramuka, babu kogi, ruwan sama ma bai kai na yamma ba. Abin da ƙauyuka ke sha shi ne ruwan saman da ya tsiyaya ya taru a kogo da rijiya, yana shawagi a kan ruwan gishirin da ke ƙasa da shi. In aka ɗiba a hankali, damina ta mayar. In aka zuƙa da inji dare da rana, gishiri ya taso, kuma rijiyar da ta yi gishiri da wuya ta dawo. To manyan otal-otal a daidai wannan yanki aka jera su, da tafkunan ninƙaya da ciyawar ado mai son ban-ruwa da tulin zannuwan gado da ake wankewa kullum. Baƙi kuma sun fi zuwa a watannin rani, daga Yuni zuwa Oktoba da kuma Disamba zuwa Fabrairu, wato lokacin da rijiya ta fi ja da baya. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta fitar a 2012 ya gano cewa a ƙauyukan da ta bincika, gida guda na amfani da lita 93 a rana, alhali ɗaki guda a otal na alfarma na iya cin fiye da lita 3,000. Otal na da kuɗin haƙa burtsatse mai zurfi, ko sayen ruwa a tanka. Matar ƙauye ba ta da sai ƙafarta da jarka.

Bayan ruwa sai ƙasa. Wanda ya sayar da kwakwarsa da haƙƙinsa na fili a shekarun 1990 ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi rufin kwano, ya ƙara aure, ko ya sauke farali. Yau filin ya ninka abin da aka ba shi ninkin ba ninkin, 'ya'yansa kuma ba su da inda za su gina. Katangun otal sun toshe hanyoyin da masunta ke bi zuwa teku. A Paje da Jambiani, inda mata suka fara noman ciyawar teku a 1989 suka sami kuɗin kansu a karon farko, yanzu suna raba ruwa da masu wasan sululu da laima, wasu otal-otal kuma ba sa son ganin turakunsu da igiyoyinsu a gaban baƙi. Ɗumamar teku na kashe nau'in ciyawar mai tsada, wannan ba laifin otal ba ne, amma ya tarar da su a raunane. Kifi ma ya yi tsada: mai kamawa ya ji daɗi, mai saye don tukunyar gida ya koma kan ƙananan da otal ba ya so.

Sai batun aiki, wanda shi ne hujjar da ake kafawa a duk lokacin da aka yanka wani fili. Aikin akwai shi, tambayar ita ce wa ke samu. Otal na neman mai jin Ingilishi ko Italiyanci, wanda zai zuba wa baƙo giya ba tare da damuwa ba, wadda iyayenta za su bari ta yi aikin dare. Ɗan ƙauyen da makarantarsa ba ta ba shi harshe ba yana ƙarewa a shara da yankan ciyawa. Manyan kujeru na Turawa ne da 'yan Kenya da na Afirka ta Kudu, matsakaita na mutanen babban yankin Tanzaniya, har gadi ma Masai ne suka tsallako suka kama. Kayan lambu da nama da yawa daga can ake shigo da su, kuɗin ɗaki kuwa an riga an biya shi a Milan ko Warsaw. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Samarin da suka rasa gurbi su ne ke bin baƙi a rairayi suna tallan yawon kwale-kwale, wasu su bar makaranta don haka, wasu su faɗa miyagun ƙwayoyin da ke bi ta wannan gaɓa. Pemba kuwa, mai mafi yawan kanumfarin, ba ta ga baƙin ba, ba ta ga kuɗin ba, sai dai 'ya'yanta su yi ƙaura zuwa Unguja.

Gwamnatin Hussein Ali Mwinyi, ɗan wancan Mwinyin da ya buɗe ƙofa, ta hau mulki a 2020 da taken tattalin arzikin teku. Ta ba da hayar ƙananan tsibirai ga masu zuba jari, ta sauƙaƙa wa baƙi sayen gida da samun izinin zama, daga Oktoban 2024 kuma ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa hukuma ta gane tana da abin da duniya ke so, kuma tana iya sa farashi baƙi su biya. Ƙarfin cinikin da ba ta da shi a 1986 yanzu tana da shi. Tana iya cewa ba za a ba otal lasisi ba sai ya tace ruwan teku don kansa ya bar wa ƙauye rijiyarsa, sai ya bar hanyar masunta a buɗe, sai ya horar da 'yan garin da ya zauna a cikinsa. Har yanzu dai abin da ake shelantawa a ƙarshen kowace shekara shi ne adadin waɗanda suka sauka a filin jirgi. Tsibirin da ya taɓa dogara da itace guda ya ga yadda ta ƙare, yanzu kuma ya dogara da sha'awar mutanen da za su iya komawa Maldibs ko Morishos a kakar da ke tafe. Muddin hukuma ba ta fara ƙidaya rijiyoyin da suka yi gishiri da filayen da suka bar hannun 'yan ƙasa ba, ƙaruwar baƙi ba shaida ce ta ci gaban mutanen Zanzibar ba.