Sunan da ke Kan Allo da Wanda ke Bakin Jama'a

Jingina wuri ga sunan mutum tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin fadar Kano ta samu sunan Gidan Rumfa ne daga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya gina ta a ƙarni na 15, kuma yawan faɗi ne ya tabbatar da sunan. Abin da zamani ya kawo shi ne raɗin suna na hukuma, wato gwamnati ta zauna ta zaɓi mutum, ta kafa allo a bakin titi ko ƙofar makaranta, yawanci bayan mutumin ya rasu. Ta wannan hanya aka samu Jami'ar Bayero, wadda ke ɗauke da sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, haka kuma Jami'ar Sakkwato ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988.

Sai dai ikon hukuma a kan allo yake tsayawa, bakin jama'a kuwa shi ke yanke hukuncin ƙarshe. A Kano, an raɗa wa Kasuwar Sabon Gari sunan tsohon gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, an kuma sanya wa Asibitin Nasarawa sunan Muhammad Abdullahi Wase, amma wanda ya tsayar da ɗan adaidaita sahu ya ambaci sunan Wase, da wuya a kai shi ba tare da ƙarin bayani ba. Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano kuwa sun zauna daram a bakin kowa. Ana iya cewa suna yakan kama ne idan ya zo tare da ginin, ko kuma mai sunan ya shiga ran talakawa kamar yadda Janar Murtala ya shiga bayan kisansa a 1976.

Siyasa ba ta rabuwa da lamarin. Lokacin da Shugaba Jonathan ya sanar a 2012 cewa Jami'ar Legas za ta koma Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, har maganar ta bi ruwa. A Yamai kuwa, gwamnatin soja ta cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a 2024, ta maye gurbinsa da na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya nemi jama'a su ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958.