Rufi Ko Sarari: Wane Irin Filin Ƙwallo Ya Dace Da Kaduna?

Duk garin da ya tashi gina babban filin ƙwallo, ko sabunta wanda ya tsufa, dole ya yanke shawara a kan abin da zai kasance bisa kan 'yan kallo da 'yan wasa. Ana iya barin filin a buɗe baki ɗaya. Ana iya yi wa kujeru rumfa, a bar ciyawa tana kallon sama. Ana kuma iya lulluɓe komai da ƙubba guda, wadda a wasu filayen zamani inji ke buɗe ta ya rufe. Shawara ce da ake yi tun a takardar zane, domin nauyin rufi shi ke faɗin zurfin harsashi da kaurin ginshiƙai, kuma ɗora shi daga baya aiki ne mai tsadar gaske.

Muhawarar ta fi zafi a garuruwan sanyi na arewacin Amurka, inda ake buga ƙwallon nan tasu da ake runguma a hannu tun daga Satumba har Janairu, wato wasannin ƙarshe suna faɗowa ne a tsakiyar dusar ƙanƙara. A Green Bay, ranar 31 ga Disamba 1967, an buga wasan gasa a buɗaɗɗen fili sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma har yau mutanen garin da wannan rana suke tinƙaho. Birnin Minneapolis ya bi wata hanyar. A 1982 ya buɗe filin Metrodome mai rufin tanti wanda iskar manyan fankoki ke riƙe da shi. Ranar 12 ga Disamba 2010 dusar ƙanƙara mai kaurin sama da santimita 40 ta danne rufin, ya yage, ya rufto cikin fili. Allah ya sa babu 'yan kallo a lokacin. Duk da haka birnin bai fasa rufi ba. A 2016 ya buɗe sabon fili mai kafaffen rufi mai gangara, wanda ya ci sama da dala biliyan 1, kuma saboda rufin ne aka ba shi wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2018. Buffalo kuwa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen dusar ƙanƙara, ta ƙi ƙubba: sabon filinta rumfa ce a kan kusan kashi biyu bisa uku na kujeru, tsakiya a buɗe. Masu son ƙubba suna cewa fili rufaffe yana aiki duk shekara, ya karɓi taro da bikin mawaƙa ko ana sanyi. Masu son sarari suna duban arahar gini, da kuma yadda sanyi ke gigita ƙungiyar baƙi.

Sai dai babban rufaffen fili na farko a wannan zamani ba don sanyi aka gina shi ba. Astrodome na birnin Houston, wanda aka buɗe a 1965, an yi shi ne don gudun zafi da gumi da ruwan sama, aka sa masa na'urorin sanyaya iska. Daga nan kuma aka fara koyon darasin da ya shafi kowane gari, har da Kaduna. An yi rufin da tagogi masu barin haske ya shiga domin ciyawa ta rayu, sai ƙyallinsu ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido. Aka shafe wani sashe da fenti, ciyawa ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba, wadda ta samo sunanta AstroTurf daga filin.

Ciyawa tana bukatar rana kai tsaye na sa'o'i da dama kullum, tana kuma bukatar iska ta busar da raɓa, in ba haka ba saiwarta ta yi rauni, cuta ta kama ta. Duk dabarun da aka ƙirƙiro daga baya ƙoƙari ne na sasanta rufi da wannan bukata. A gasar cin kofin duniya ta 1994, lokacin da Amurka da Suwizalan suka buga wasan farko na gasar da aka taɓa yi a rufaffen fili, a Silverdome kusa da Detroit, a waje aka reni ciyawar cikin faifai sannan aka shigo da ita aka jera. Filin Ajax na Amsterdam, wanda aka buɗe a 1996 da rufi mai buɗewa, ya sha sauya ciyawa a shekarunsa na farko. Schalke ta Jamus, a filinta na 2001, ta ɗora ciyawar baki ɗaya a kan wani makeken faranti da ake turawa waje ya sha rana bayan wasa. Kowace dabara daga cikin waɗannan injuna ne da wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata.

Kaduna ba ta san dusar ƙanƙara ba. Sanyinta na hunturu ne, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma da asuba da dare yake cizo. Da la'asar, lokacin da aka saba take wasa, rigar sanyi ma ba kowa ke bukatarta ba. Abin da hunturu ke kawowa mai damun fili shi ne hazo da ƙura da bushewar da ke ƙona ciyawa. Bayansa sai bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 35, siminti ya ɗauki rana har ba ya zaunuwa. Sannan damina, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan da kan kai wajen milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa a watannin marka. Abokan gabar ɗan kallo a nan rana ce da ruwa da tsawa, kuma dukkansu ba sai an toshe fili ruf ake maganinsu ba.

Filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ke arewacin kogin Kaduna kusa da gadar da ke haɗa ɓangarorin garin biyu, an gina shi ne a tsakiyar shekarun 1960, zamanin Sardauna. Turawan Ingila masu zanen gini Maxwell Fry da Jane Drew ne suka zana shi, su ne kuma suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, kuma an san su da aƙidar cewa a ƙasar zafi inuwa da iska su ne maganin gini kafin a nemi inji. Filin ya ga manyan ranaku: gasar ƙwallon mata ta Afirka a 1998, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma kamar yawancin filayen zamaninsa, an yi masa rumfa ne a ɓangaren manyan baƙi da masu tikiti mai tsada kaɗai, aka bar sauran jama'a a sarari. Nan ne ainihin tambayar Kaduna take: wa za a yi wa inuwa, kuma da wane kuɗi.

Ƙubba rufaffiya a gari mai zafi tilas ta zo da na'urar sanyaya iska. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kamar na kwan fitila mai wat 100. Mutum 30,000 kuwa megawat 3 ke nan, ban da zafin fitilu da wanda rufin ke zuƙa daga rana. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa, wurin ya zama tanda cikin ɗan lokaci. Katar ta sanyaya filayenta na gasar 2022, amma Katar ƙasa ce mai arzikin iskar gas, kuma duk da haka sai da aka mayar da gasar Nuwamba da Disamba. A garin da masana'antu da asibitoci ke dogara da janareto, filin da ba zai karɓi mutane ba sai an ƙona tankokin dizal ba zai buɗu ga wasan lig na mako-mako ba, balle ga gasar makarantu. Kuɗin ƙofa na wasan ƙungiyar gida kamar Ranchers Bees ko Kaduna United ba zai biya wannan ba ko kusa. Hujjar aiki duk shekara ita ma ba ta da ƙarfi a nan, domin babu watan da yanayi ke rufe filin Kaduna gaba ɗaya, kuma wasannin da ke son rufi, irin su ƙwallon kwando da ta hannu, suna da zauren wasanni a cikin harabar filin.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan bikin buɗewa. Montreal ta Kanada ta gina filin wasannin Olamfik na 1976, ba a kammala rufinsa ba sai 1987, ya yi ta yagewa, wanda aka musanya shi da shi ma ya yage a 1999. Ƙasa ce mai kuɗi da injiniyoyi, amma rufin ya zame mata alaƙaƙai shekara da shekaru. Rufi mai motsi ya fi kowane rufi son kulawa, ga shi ƙurar hunturu ba ta raga wa duk wani abu mai gargare da giris.

Hanyar tsakiya ita ta fi dacewa, kuma ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Babban filin Abuja da aka buɗe a 2003, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Moshood Abiola, da filin Godswill Akpabio na Uyo mai cin mutum 30,000 da aka buɗe a 2014, duk rumfa ce zagaye da kujeru, tsakiya a buɗe. Ɗan kallo ya sami inuwa, ciyawa ta sami rana, iska ta ratsa ba da ko sisi ba. Rumfa tana kuma mayar da sowar jama'a cikin fili maimakon ta watse sama, abin da kowace ƙungiyar gida ke so.

Amma rumfa ma tana da nata lissafi, kuma nan ne ya kamata mai zane ya san garin. An saba shimfiɗa fili daga arewa zuwa kudu domin kada rana mai faɗuwa ta shiga idon mai tsaron gida, a kuma sa babban ɓangaren kujeru a yamma domin masu zama su ba rana baya. Ma'anar wannan ita ce na ɓangaren gabas su ne ke fuskantar ranar la'asar. Da ƙarfe 4 na yamma rana ta riga ta karkata, haskenta yana kutsowa ta ƙarƙashin rumfa, saboda haka gajeren rufi a gabas layukan baya kawai zai kare. Amfaninsa ya fi yawa ga waɗanda suka shigo tun hantsi suna jiran wasa, kuma a babban wasa su ne mafi yawa. Da damina kuma lissafin yana juyewa. Hadari a wannan yanki daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, saboda haka feshin ruwa fuskar 'yan ɓangaren yamma yake nufa. Wannan iskar ta farkon damina, wadda kowace shekara take yaye kwanon gidaje da makarantu, ita ce babbar jarrabawar rumfa: tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, don haka ƙarfin da ake nema na riƙe rufin ƙasa ne fiye da na tallafe shi. Dole kuma a haɗa shi da maganin tsawa, domin tarin ƙarfe ne mai tsawo a buɗaɗɗen wuri da dubban mutane a ƙarƙashinsa.

Abin da aka yi rumfar da shi ma abin dubawa ne. Tanti ko roba mai barin haske ya wuce yana da sauƙin nauyi da kyan gani, amma bayan hunturu ɗaya ƙura za ta lulluɓe shi, sai an sami masu hawa su wanke. Kwano mai launi mai haske, da tazara tsakanin bayan kujeru da rufi domin iska mai zafi ta fice, ya fi sauƙin gyara ga maƙeran gida. Babban rufi kuma ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rumfa mai faɗin murabba'in mita 10,000 tana iya tara wajen lita miliyan 12 a damina guda. Idan indararo ya kai ko da wani kaso na wannan ruwa tankin ƙasa, an sami abin ban ruwan ciyawa a farkon rani. Idan kuwa aka bar shi ya zuba yadda ya ga dama, gefen fili zai malale. Saman rufin kuma wuri ne na faifan sola.

Akwai ranar da ta nuna cewa rufi ba shi ne farkon abin da filin Kaduna ke bukata ba. Ranar 25 ga Maris 2016 Nijeriya ta karɓi Masar a wasan neman shiga gasar cin kofin Afirka. An buɗe ƙofa kyauta, filin da aka ƙiyasta yana cin mutum 16,000 ya ɗauki wajen 40,000, matasa suka ɗare turakun fitilu da allon nuna sakamako, wasu suka zauna a gefen fili. Oghenekaro Etebo ya ci wa Nijeriya, Mohamed Salah ya rama a dab da tashi, aka tashi 1-1, daga baya hukumar ƙwallon Afirka ta ci Nijeriya tarar dala 5,000. A tsakiyar bazara aka yi wannan cunkoso, kuma sararin sama na cikin abubuwan da suka sa numfashi bai gagara ba. Ita ma rumfa, in an yi ta, wani sabon abin hawa ce ga wanda bai sami kujera ba, kuma ba a lissafa ƙarfinta da nauyin mutane ba. Saboda haka tsarin rufi yana tafiya ne tare da ƙofofin da ke ƙirga masu shiga, da kujeru masu lamba, da hanyoyin fita masu faɗi, da toshe duk wani tsani ko ginshiƙi da ke kai mutum sama.