Waƙar Yaye Ɗalibai da Kiɗan Tsirkiya: Kwatanci Tsakanin Ƙasar Rano da Japan

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma da ta kafa makaranta takan ware ranar da za ta sallami ɗalibanta, kuma da wuya a yi irin wannan taro ba tare da waƙa ba. A wannan maƙala za a dubi waƙoƙin da ake rerawa ranar yaye ɗalibai a Rano da Kibiya, waɗanda tare da Bunkure suke cikin masarautar Rano bisa tsarin shekarar 2024, sa'an nan a kwatanta su da takwarorinsu na ƙasar Japan. Dalilin zaɓen Japan shi ne, a can irin wannan waƙa ta zama rukuni mai zaman kansa, har matasa sukan rera ta da jita. Tambayar kuwa ita ce: me ya sa waƙar yaye ta Hausa ba ta taɓa ƙulla zumunci da kayan kiɗa masu tsirkiya ba, alhali ga garaya da gurmi da molo a ƙasar?

2.0 Yaye a Ƙasar Rano

Yayen da Bahaushe ya gada shi ne saukar Alƙur'ani. Idan almajiri ya kammala izu sittin, sai a rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara a kan allon zayyana. Ranar walima malam ya biya masa yana maimaitawa a gaban jama'a, a yi addu'a, a raba abinci da goro. Abin lura a nan shi ne, wannan sauka ta mutum ɗaya ce. Kowane almajiri da inda allonsa ya tsaya, saboda haka babu wani aji da zai watse rana ɗaya, balle a yi waƙar rabuwa. Muryar da ake ji a wurin ta tilawa ce, sai ko bege da ƙasidu irin su Ishiriniya.

Makarantun Islamiyya su ne suka sauya wannan tsari, domin sun ɗauko zaman aji-aji daga makarantar boko, wadda ita kuma ta bazu cikin ƙauyuka bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Da aka fara saukar da ɗalibai da yawa a rana guda, sai waƙar yaye ta sami gurbi. Galibi wani malami ne yake rubuta ta, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, mai amsa-amo, ɗaliba ɗaya tana ja, sauran suna amshi. Jigoginta a jere suke kamar na sauran rubutattun waƙoƙi: farawa da sunan Allah, salati ga Annabi (SAW), godiya ga malamai da iyaye da shugabannin gari, sa'an nan gargaɗi kan riƙon karatu. Ana rera ta da zallar murya, ko kuwa da mandiri a inda ake yarda da shi.

3.0 Yaye a Japan

A Japan shekarar karatu tana ƙarewa ne a watan Maris, sabuwa ta fara a Afrilu. Tsofaffin waƙoƙin yayensu biyu ne, watau Hotaru no Hikari, wadda aka buga a littafin waƙoƙin firamare a 1881 bisa karin wata waƙar Sikotilan, da Aogeba Totoshi ta 1884, wadda a 2011 aka gano cewa karinta na wata waƙar makaranta ce ta Amurka da aka buga a 1871. Jigon ta biyun godiya ce ga malami, wato dai ta yi kama da tamu.

Daga baya sai akalar ta juya. A 1979 ƙungiyar Kaientai ta fitar da Okuru Kotoba, wadda ta yi fice ta hanyar wani wasan kwaikwayon talabijin a kan wani malamin makaranta, ɗalibai kuma suka mayar da ita tasu. A 1991 shugaban makarantar Kagemori da ke garin Chichibu ya rubuta Tabidachi no Hi ni, malamar kiɗa ta makarantar ta sa mata kari, ta kuwa bazu ko'ina a ƙasar. A 2004 ƙungiyar Remioromen ta fitar da Sangatsu Kokonoka, wadda asalinta ta bikin auren aboki ce. Waɗannan sababbin waƙoƙi sun fi karkata ga abota da kewa da fatan gobe. A zauren taro da fiyano ake raka su, amma idan abokai suka keɓe, sai ɗaya ya ɗauki jita yana kaɗawa yana rerawa da kansa, salon da suke kira hikigatari.

4.0 Dalilan Bambanci

Shi wannan salo ba baƙo ba ne gare mu, domin haka Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa yana yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Ashe ke nan ba rashin fasaha ne ya raba waƙar yaye da tsirkiya ba. Ana iya kawo dalilai uku.

Na farko, matsayin kayan kiɗan. Bahaushe ya san garaya da mafarauta da 'yan bori, ya san goge da kukuma da dandalin shaƙatawa. Wajen malamai kuwa, musamman tun bayan jihadin 1804, waɗannan wurare ne da ɗalibin ilmi ba ya kusanta. Shi ya sa Aliyu Namangi ya rera Imfiraji da murya kawai.

Na biyu, kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado wadda take tafe da roƙo. Ɗan makarantar Japan da ya koyi jita bai sauya matsayinsa a idon kowa ba, amma ɗan malami a Kibiya da ya rataya gurmi sai an tambayi gidansu ko lafiya.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, wanda ake yi wa waƙar. Waƙar yaye ta Hausa daga ƙasa take duban sama: ɗalibi ne yake magana da Mahaliccinsa da malaminsa da mahaifansa, kuma ladabi bai yarda ya yi haka yana kaɗa wani abu ba. Jita ba ta shiga waƙar yayen Japan ba sai da waƙar ta koma zance tsakanin tsara da tsara.

5.0 Kammalawa

Ba manufar wannan maƙala ba ce a ce a kai jita filin walima. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya kamata a ɗauka daga Japan shi ne, waƙar da ta fi karɓuwa a can malaman wata makarantar ƙaramin gari ne suka yi ta domin ɗalibansu, aka kuma adana ta. A nan kuwa, waƙar da malami ya rubuta a littafin aiki takan ɓace da zarar an kwashe rumfuna. Daɗin daɗawa, waƙar situdiyo mai kiɗan fiyano da ake sakawa ta lasifika tana neman maye gurbin muryoyin ɗaliban kansu. Saboda haka ya kamata malaman Hausa na Rano da Kibiya su riƙa tattara waɗannan waƙoƙi, tare da sunan marubuci da shekara da karin da aka rera su da shi. Haka kuma akwai fili ga mawallafa su ƙara baitocin da ɗalibi zai yi ban kwana da abokin zamansa na aji, domin wannan jigo bai saɓa wa ladabi ba, kuma murya kaɗai ta ishe shi.