Fitar da Karce Daga Jikin Abin Aski na Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

Karcen da ke bayyana a jikin ƙarfen da aka goge har ya zama kamar madubi ba datti ba ne da za a wanke, ɗan siririn rami ne da wani abu mai tauri ya yanka a fuskar ƙarfen, kuma babu man da ke cike shi. Abin da ake kira fitar da karce shi ne a rage fuskar da ke kewaye da shi, kaɗan-kaɗan, har ta sauko daidai da ƙasan ramin. Wannan ita ce ƙa'idar da masu walda a Ɗorayi da kewayen masana'antun Sharaɗa a Kano suke aiki da ita idan suna gyara ƙarafan baranda da matattakalar bene, kuma ita ce ta shafi abin aski mai ɗaukar reza, wato irin wanda ake kwance kansa a sa reza mai baki biyu a ɗaure, wanda King Camp Gillette ya sami rajistar mallakar fasaharsa a Amurka a 1904.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san da wane ƙarfe aka ƙera abin askin. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake danganta gano shi ga Harry Brearley a birnin Shefil na Ingila a 1913, ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa, kuma ko an goge ta takan sake fitowa da kanta. Shi ya sa wannan ƙarfe yake jure guga.  Amma yawancin abubuwan aski masu araha ba da wannan ƙarfe aka yi su ba: da gaurayen tutiya ko da tagulla aka zuba su, sannan aka yi musu shafen kuromiyam wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Duk wanda ya sa wa irin wannan samfefa zai kankare shafen, ƙarfen ciki ya fito fili, ruwa ya fara cinsa, kuma ba gyara. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, domin nau'o'in ƙarfen da ba ya tsatsa da ake kira 304 da 316, waɗanda ake ƙera abin aski mai tsada da su, ba su cika kama shi ba, haka ma tutiya da tagulla. Abin dogaro shi ne bayanin kamfanin da ya ƙera, ko kuma a duba wurin da ake murɗa mariƙi, inda shafe yake fara ɓarewa har wani launi daban ya leƙo.

A Kano, ƙurar hunturu tana daga cikin manyan masu jawo karce. Ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi wannan ƙarfe tauri, saboda haka tsumman da aka rataye a banɗaki ya kwana yana shan ƙura, idan aka murza shi a busasshen ƙarfe, shi da samfefa babu bambanci. Akwai kuma dushewar da ba karce ba ce, wato farin dabbaren da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari tare da ragowar sabulu. Wannan kam, ruwan lemon tsami da tsohon buroshin goge baki sun ishe shi, a ɗauraye sosai daga baya. Sau da yawa bayan wankin ake gane cewa rabin matsalar ta tafi.

Abin da ya rage sai a gwada shi da farce. Idan farce ya wuce bai sarƙe ba, karcen na sama-sama ne, man goge ƙarfe irin su Autosol da tsumman auduga mai laushi sun wadatar: a ɗiba ɗan kaɗan, a yi ta murzawa da haƙuri, a riƙa sauya gefen tsumma yayin da yake yin baƙi, domin baƙin nan ƙarfen ne da kansa yake fita. Idan kuwa farce ya sarƙe, sai an koma ga samfefar ruwa, irin wadda masu fentin mota suke amfani da ita. Lambar da ke bayan takardar tana nuna laushinta, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyinta. Ana iya farawa da 1000, a koma 1500, sannan 2000 ko sama da haka, takardar tana jiƙe, kuma duk lokacin da aka sauya lamba a juya hannu a goga a gicciye, don a ga ko layukan da ta baya ta bari sun ɓace. Tsallake mataki shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin mai laushi ba ta iya share sawun mai kaushi sosai, sai dai ta ƙara masa ƙyalli ya fito rangaɗau. Bayan samfefa ne ake komawa ga man gogewa.

Masu walda suna da injin da ke juya faifan tsumma, suna shafa masa koren sabulun guga, wanda shi ma daga kuromiyam ake yinsa, kuma cikin ɗan lokaci bututu yake ɗaukar sheƙi. Wannan inji bai dace da kan abin aski ba. Tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar da ke kare fata yawanci ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma a kanta ne laushin aski ko zafinsa ya rataya. Idan faifai ya cinye gefen murfin kan ko na sandar, reza za ta ƙara fitowa, abin askin ya koma mai yankan fuska ko da yana walƙiya. Saboda haka a rufe gefuna da wurin murɗi da salatif, a tsaya ga bayan murfi da jikin mariƙi kawai, kuma karcen da ya faɗa a gefe ya fi kyau a ƙyale shi.

Abubuwa biyu ne ba a kusantar da su ga wannan ƙarfe ko kaɗan. Soson waya na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a fuskar, su yi tsatsa, har a zaci ƙarfen ne ya lalace. Ruwan bilic kuma, saboda sinadarin kulorin da ke cikinsa, yana huda fatar kariyar ya bar ƙananan ramuka masu zurfi waɗanda guga ba ta kai musu. Toka da yashin da ake wanke tukwane da su ma ba su da wuri a nan. Bayan kowane aski a sassauta kan, a ɗauraye, a tsane ruwan da tsumma mai tsabta ta hanyar dannawa maimakon murzawa, sannan a ajiye shi cikin jaka ko gwangwani mai murfi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.