Kwana a Otal Mai Rahusa a Birnin Tokyo

Tokyo shi ne babban birnin ƙasar Japan, kuma yana cikin biranen da suka fi yawan jama'a a duniya. Idan aka haɗa shi da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Yokohama da Kawasaki da Chiba, mazauna yankin sun haura miliyan 35. Duk inda mutane suka yi yawa haka, fili yakan yi tsada, wurin kwana ma haka. Amma akwai wani nau'in masauki da ke ba ma'aikaci ko ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa damar kwana a tsakiyar birnin ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Japanawa suna kiransa "bijinesu hoteru", wato otal ɗin masu tafiyar aiki. A wannan darasi za mu ga asalinsa, da dalilin arahar sa, da kuma abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya sauka a cikinsa.

Asalin wannan masauki

Masaukin gargajiya na Japan shi ne wanda ake kira "ryokan". A can baƙo yana kwana a kan shimfiɗa a ɗakin da aka malale da tabarmar "tatami", ana kawo masa abincin dare da na safe, ana yi masa hidima kamar ɗan sarki. Wannan yana buƙatar kuɗi da lokaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Japan suka bunƙasa, kamfanoni suka riƙa tura ma'aikatansu daga gari zuwa gari. A ranar 1 ga Oktoba, 1964, aka buɗe layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka. A yau tafiyar ba ta wuce kimanin sa'a biyu da rabi ba, alhali nisan ya haura kilomita 500.

Ma'aikacin da ya iso da yamma, zai halarci taro da safe, ba ya neman hidimar ryokan. Abin da yake bukata shi ne gado mai tsafta, da wurin wanka, da teburin rubutu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Don biyan wannan bukata aka samar da otal ɗin masu tafiyar aiki. Kamfanin APA ya buɗe otal ɗinsa na farko a birnin Kanazawa a 1984. Kamfanin Toyoko Inn kuma ya buɗe nasa a unguwar Kamata ta Tokyo a 1986. Sunansa ya samo asali ne daga haɗa farkon kalmomin Tokyo da Yokohama. Yanzu kowannensu yana da ɗaruruwan rassa, ga kuma wasu irin su Dormy Inn da Super Hotel da Route Inn.

Daga ina arahar ta fito?

Abu na farko shi ne ƙanƙantar ɗaki. Ɗakin mutum ɗaya yawanci yana tsakanin murabba'in mita 10 zuwa 15. Gado yakan cinye kusan rabinsa. Saboda haka gini ɗaya siriri mai hawa goma ko fiye yana iya ɗaukar ɗakuna masu yawa a kan ɗan ƙaramin fili.

Abu na biyu shi ne banɗaki. Ba a gina shi da bulo da siminti. A masana'anta ake ƙera shi, a kawo shi a haɗa a cikin ɗakin kamar akwati. A cikinsa akwai masai da wurin wanke hannu da ɗan gajeren bahon wanka mai zurfi. Kamfanin Toto ne ya fito da wannan dabara domin wani babban otal mai suna New Otani, wanda ake gaggawar gamawa kafin wasannin Olamfik na Tokyo a 1964. Da aka ga tana rage lokaci da kuɗi, kuma tana hana yoyon ruwa, sai ta bazu zuwa ƙananan otal-otal da gidaje.

Abu na uku shi ne ƙarancin ma'aikata. Babu mai ɗaukar wa baƙo kaya, babu mai kai masa abinci ɗaki. A wurare da yawa babu zauren biki, babu wurin ninƙaya. Ɗakunan kuma iri ɗaya ne, don haka mai shara yana gama kowanne cikin ɗan lokaci. An rage abin da bai zama dole ba, amma ba a taɓa tsafta da tsaro da kusanci da tasha ba.

Isowa da karɓar ɗaki

Agogon Japan yana gaban na Najeriya da sa'a takwas, kuma matafiyi daga Legas ko Abuja sai ya yada zango a wata ƙasa kafin ya sauka a filin jirgin sama na Narita ko na Haneda. Zai iso a gajiye, amma ya sani cewa ba a ba da ɗaki sai ƙarfe 3 ko 4 na yamma. Wanda ya iso da safe zai iya ajiye jakarsa a wurin ma'aikatan karɓar baƙi, ya je ya yi harkarsa ya dawo.

Dokar ƙasar ta wajabta wa baƙon da ba shi da adireshi a Japan ya nuna fasfonsa, otal kuma ya ɗauki kwafinsa. Wannan ba zargi ba ne, ka'ida ce da ta hau kan kowa. Yawanci ana biyan kuɗi tun da farko, a hannun ma'aikaci ko ta wata na'ura da ke karɓar kuɗi ta fitar da katin buɗe ƙofa da rasit. A lura cewa farashi yana bin yawan mutane: idan mutum biyu za su kwana, dole a faɗa tun wajen kama ɗaki. Tun 2002 kuma birnin Tokyo yake karɓar ɗan harajin kwana daga baƙin da kuɗin ɗakinsu ya kai wani adadi. Haka nan akwai ɗakunan masu shan taba da na waɗanda ba sa sha, sai mutum ya zaɓa. Wanda ya sha taba a ɗakin da aka hana, zai biya tarar tsaftace shi.

Abin da ke cikin ɗaki

Duk da ƙanƙantarsa, ɗakin yana da talabijin da ƙaramin firji da butar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, ga intanet kyauta. Ana ba da tawul da sabulu da burushin haƙori da reza da silifa da rigar barci. A wasu otal-otal ana jera ƙananan kayan a kusa da lif, kowa ya ɗauki abin da zai yi amfani da shi. A ɗakuna da dama wuta ba ta kamawa sai an zura katin ƙofa a wani ɗan rami da ke bango, idan an zare shi kuma ta mutu. Ta haka ake rage ɓarnar lantarki.

Abu biyu sukan rikitar da baƙo. Na farko masai ne mai maɓallai a gefe, wanda ke ɗumama wurin zama kuma yake feso ruwan wanke jiki. Hotunan da ke kan maɓallan suna nuna aikin kowanne. Na biyu soket ne. Ƙarfin wutar Japan bolt 100 ne, soket ɗinsu kuma mai baki biyu ne, alhali a Najeriya ana amfani da bolt 230 da soket mai baki uku. Don haka matafiyi ya tafi da adafta, in ba haka ba wayarsa za ta mutu a daren farko. Ruwan famfo kuwa mai kyau ne, ana shan sa.

Abinci da wanki

Wasu kamfanoni, kamar Toyoko Inn, suna ba da karin kumallo kyauta: shinkafa da miyar "miso" da ake yi da waken soya, da ganye, da burodi, da shayi ko kofi. Kowa yana ɗibar wa kansa, idan ya gama kuma ya mayar da tirensa inda aka tanada. Abincin dare kuwa baƙo ne ke nema wa kansa. Wannan ba ya wuya, domin da ƙyar a rasa kanti irin su 7-Eleven ko Lawson ko FamilyMart a kusa, kuma yawancinsu ba sa rufewa dare da rana. Wanda ba ya cin naman alade ya yi tambaya kafin ya saya, saboda ana sa shi a cikin abinci iri-iri, har da romon taliya. Akwai kuma injin wanki da ake jefa wa tsabar kuɗi, wanda ke sauƙaƙa wa mai doguwar tafiya ɗaukar kaya.

Ladubban zama

Hausawa sun ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Bangon ɗakunan ba shi da kauri, kuma maƙwabcinka zai yi sammako ya tafi aiki, saboda haka ba a ɗaga murya a waya ko a baranda da dare. Ba a shigar da wanda bai yi rajista ba cikin ɗaki. A zauren ƙasa ake ganawa da mai ziyara. Ba a ba ma'aikaci tukwici. Wanda ya miƙa kuɗi zai jefa ma'aikacin cikin kunya ne kawai, wanda ya bar su a kan tebur kuma za a ɗauka mantuwa ya yi. Godiya da ɗan rusunawa sun isa.

Wasu otal-otal, musamman Dormy Inn, suna da babban wurin wanka na jama'a, na maza daban, na mata daban. Ana cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye sosai kafin a shiga ruwan zafin, kuma ba a tsoma tawul a ciki. Shiga ba dole ba ce. Wanda bai saba ba yana da banɗakinsa.

Lokacin fita yawanci ƙarfe 10 na safe ne, a wasu wurare 11. A Japan ƙarfe 10 tana nufin ƙarfe 10, wanda ya wuce lokaci kuma zai ƙara kuɗi.

Tsaro

Japan ƙasa ce mai yawan girgizar ƙasa. A 1981 aka tsaurara dokar gine-gine domin su jure girgiza mai ƙarfi. A kusa da gado akwai tocilan, a bayan ƙofa kuma akwai taswirar hanyar fita. Mai hankali yakan duba su tun daren farko, ya san inda matakala take, domin ba a shiga lif lokacin girgiza ko gobara. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta 'yan kwana-kwana da motar asibiti kuma 119.

Wa ya dace da shi?

Wannan masauki bai dace da babban iyali ba, kuma mai manyan akwatuna zai rasa inda zai buɗe su. Farashinsa yana tashi a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, lokacin furen "sakura", da kuma makon hutu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, don haka a kama ɗaki da wuri. Wanda guzurinsa ya gaza yana iya neman otal mai 'yan akwatunan kwana, irin wanda aka fara buɗewa a Osaka a 1979, inda kowa ke samun gurbin gado kawai, banɗaki kuma na haɗaka ne.

An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne babu ado a wannan ɗaki. Amma yana biyan bukata, saboda otal ya ɗauki nauyin tsafta da tsaro, baƙo kuma ya ɗauki nauyin yi wa kansa hidima da kiyaye lokaci da mutunta maƙwabci. Idan ɗaya ya saki nasa ɓangaren, arahar ba za ta ɗore ba.

Ma'anar wasu kalmomi

Masauki: wurin da baƙo yake sauka ya kwana.
Rahusa: sauƙin farashi.
Yada zango: tsayawa a hanya don hutawa kafin a ci gaba da tafiya.
Tukwici: 'yar kyautar da ake ba wanda ya yi wa mutum hidima.
Sammako: fita da sassafe.
Guzuri: kuɗi ko abincin da matafiyi yake riƙewa.

Tambayoyi

1. Wace bukata ce ta sa aka samar da otal ɗin masu tafiyar aiki?
2. Kawo abubuwa uku da suka sa wannan masauki yake da araha.
3. Me ya sa matafiyi daga Najeriya yake bukatar adafta a Japan?
4. Idan ƙarfe 8 na safe ce a Abuja, ƙarfe nawa ne a Tokyo?
5. Bayyana ma'anar karin maganar "araha ba ta ado", sannan ka faɗi ko ta dace da wannan masauki.

Aiki

Rubuta sakin layi biyu kana kwatanta yadda ake karɓar baƙo a garinku da yadda ake karɓar sa a otal ɗin da aka bayyana a sama.